Kafin ka canza shokozoban gaban babur ɗinka na jeji

Mai bin hanyar burji da labi da rairayin fadama ya san gaban babur ne ke fara shan dukan hanya. In ka taka birki gaba ya nutse, ko ka faɗa rami ka ji ƙarar ƙarfe ya daki ƙarfe har hannu ya yi tsami, sai zuciya ta fara raya maka a ciro fok ɗin babban babur, wato shokozobansa na gaba, a ɗaura. Ana yin haka, kuma yana biya. Amma fok ba ya tafiya shi kaɗai: yana da mariƙansa biyu na sama da na ƙasa, da sandar wuya, da shaf ɗin taya, da birki. Wanda ya sayo ƙafafun fok biyu tsirara ya sayo wa kansa zarya tsakanin bakanike da kasuwa.

Fara da tambayar kanka ko canjin ma ya zama dole. Babura irin su Yamaha AG200 da XTZ125 da ma'aikatan gona da na lafiya ke shiga ƙauyuka da su sukan yi shekaru ba a taɓa man fok ɗinsu ba, har ya koma baƙin ruwa mai wari. Zubar da shi, canza sil, zuba sabon mai daidai awon da littafin babur ya faɗa. Sannan ɗaga gaban sama ka auna tsawon fok, ka sauke, ka hau da kayan da ka saba ɗauka, wani ya sake aunawa. In ya nutse kamar kashi ɗaya cikin huɗu na iyakar tafiyarsa, sifirin ya dace da nauyinka. In ya zarce kashi ɗaya cikin uku, sifirin mai ƙarfi kake bukata, kuma kuɗinsa bai kai na fok ba.

In ka ƙudura canjin, sayi gaban gaba ɗaya daga babur guda: fok, mariƙai, shaf, wili, faifan birki da kalifarsa. Kauri ya sha bamban. Honda XR400R na da fok mai milimita 43, Suzuki DR-Z400S mai 49, yawancin KTM na jeji kuma WP mai 48, wanda bututunsa mai kauri ke sama, siririn a ƙasa. Wannan juyayyen ya fi tsayawa ƙyam a kan duwatsu, amma in sil ɗinsa ya fashe, man kan faifan birki yake zuba. Kuma wanda aka ciro daga baburan tsere irin YZ ko CRF na tsalle an yi shi ne don dirowa daga sama. A kan tsakuwa da saiwoyi zai riƙa dukan hannunka sai an sassauta sifirin da bawul ɗinsa.

Kayan Beljiyam sai da ido. Mirgina siririn bututun a kan gilashi ko tebur mai sumul. In yana ɗingishi, ya lanƙwashe, bar musu kayansu. Shafa shi da farce. Duk inda ka ji ramin tsatsa, nan ne zai riƙa yanka sabon sil.

Awo biyu ne ginshiƙin aikin. Na farko tsawo, daga tsakiyar shaf zuwa saman fok. In sabon ya fi tsohon tsawo sosai, gaba zai ɗaga, babur ya yi nauyin juyawa, tayar gaba ta riƙa sulɓewa a kwana. In ya gaza, kan babur zai riƙa karkarwa in ka sa gudu. Ƙarin tsawon santimita ɗaya ko biyu ana cinye shi da zura fok sama cikin mariƙai. Wanda ya wuce haka sai ƙwararre ya rage shi ta ciki, ko a ɗaga bayan shi ma. Na biyu sandar wuya: kaurinta a mazaunin boris na sama da na ƙasa, da tsawonta. In ba ta shiga wuyan firam ɗinka ba, ko dai a nemo boris da cikinsa ya dace da sandar, wajensa ya dace da firam, ko a fitar da tsohuwar sandarka da injin matsa a dasa ta a sabon mariƙi. Kada ka yarda a yi wa wannan wuri walda a bakin titi, ko a cika gibi da guntun gwangwani. Gyaran gangar Auzinawa ke nan, kuma ranka ne a kan wannan sanda.

Wajen haɗawa, cika boris da giris, ka ɗaure wuya har girgiza ta ɓace amma kan yana juyawa da kansa. Notocin mariƙin ƙasa ba sa son ƙarfin tuwo: kusan Nm 20 ne ko ƙasa da haka, in ka zarce bututun ya matse, fok ya riƙa cijewa. Ɗaure notin shaf, ka bar masu riƙe ɗaya ƙafar a sake, ka riƙe birki ka danna gaban sau da yawa don ƙafafun su daidaita, sannan ka ɗaure su.

Kafin ka tayar da inji, yi gwaji uku. Cire sifirin ka danne fok har ƙarshe, ka ga taya ba ta taɓa madigadi ko salansa ba. Ɗaga gaba sama, ka ga tiyon birki bai miƙe tamau ba. Juya kan hagu da dama, ka ga bututu bai daki tanki ba, wayar totur kuma ba ta ja kanta ba.

Fitar farko a fili mara jama'a za ka yi ta, a hankali, kana gwada birki. Da ka dawo, sake bin kowane noti da sifana, ka duba wuya ko ya saki, domin sabon boris yakan zauna bayan tafiyar farko. Sai bayan nan ka nufi jeji.