Yadda Ake Kare Bindigar Toka Daga Tsatsa

Bindigar toka daga ciki take lalacewa. Maharbi zai iya goge bayanta har ta yi sheƙi, alhali cikin bututun ya riga ya zama rami-rami. A ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo abin ya fi sauri, domin Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato sun shimfiɗa fadama, kuma tun da aka gama dam ɗin Goronyo a 1984 noman rani ya ƙara yawa. Mai gadin shinkafa da ke harbi don korar tsuntsayen jan baki, a cikin laima bindigarsa take yini, cikin raɓa take kwana.

Tushen ciwon albarushi ne. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba iska yake zama ba, gari ne. Wani ya fita cikin hayaƙi, wani ya manne a bangon bututu. Wannan baƙin dauɗa akwai gishiri da farar wuta a cikinsa, kuma yana zuƙar laimar iska. Masu sa kan ashana a wurin tayar da wuta kuwa, nasu ya fi muni, don abin da ashana ke bari ya fi cin ƙarfe. Da marka ta kankama a watan Agusta, kwana ɗaya ya isa tsatsa ta fara.

Kafin komai, a tabbatar babu ɗuri a ciki. A zura sandar ɗuri har ta tsaya, a riƙe daidai baki da yatsa, a zaro ta a gwada ta a bayan bututun. In ba ta kai ga ramin wuta ba, to akwai abu a ciki, sai a warware wannan tukun. Ba a leƙa bakin bindiga da ido, ba a kuma hura shi da baki.

Sai wanki, kuma nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. Da an ce tsatsa, hannu sai ya tafi ga kwalbar mai. Amma mai ba ya narkar da gishiri, rufe shi kawai yake yi, ƙarfe ya ci gaba da ciwo a ƙarƙashi. Ruwa ke narkar da shi. A cire bututun daga ƙota in yana ciruwa, a dafa ruwa ya yi zafi ƙwarai, a ɗan sa sabulu. A tsoma gindin bututun cikin bokiti, a naɗe tsumma a kan sandar ɗuri ya cika bakin daidai, a riƙa turawa ana jawowa. Ruwan zai riƙa shiga ta ramin wuta yana fita da ƙarfi, da farko baƙi ƙirin mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sannan ruwan toka, har ya koma garau. Daga nan a ɗauraye da tsurar ruwan zafi. Amfanin zafin shi ne ƙarfen ya ɗau ɗumi ya busar da kansa. Duk da haka a bi da busassun tsummoki har na ƙarshe ya fito fes, a tsokace ramin wuta da siririyar waya, a jingine bututun a rana baki ƙasa.

Tun yana da ɗumi ake shafa mai. Man kaɗanya da aka narka tare da ɗan kakin zuma ya fi dacewa da cikin bututu, a shafa kaɗan da tsumma, ba a tuttula ba. Man gyaɗa yana daskarewa ya yi danƙo. Baƙin mai na wurin kanikawa, wanda kowa ke so don kyauta ake samunsa, shi ne mafi sharri: dattin inji ne a cikinsa, kuma in ya haɗu da ƙonannen albarushi sai ya zama kamar kwalta. Kunama da sauran ƙananan ƙarafa, ɗigon man keken ɗinki ya ishe su. Bayan kwana biyu a sake zura farin tsumma. In ya fito da ja, wankin bai yi ba, a maimaita.

Bayan bututu kuwa, dabararsa ta ban mamaki ce, domin da tsatsa ake maganin tsatsa. Maƙeran bindiga na Turai, har da na Birmingham a Ingila da suka daɗe suna ƙera wa kasuwannin Afirka ta Yamma bindigogi, sun san ta tun ƙarni na 18. A shafe cikin bututun da mai sosai, a toshe baki da ramin wuta da icce. A goge bayan da samfefa, a fara da mai kaushi a ƙare da mai laushi, har farin ƙarfe ya fito. A wanke maiƙo da ruwan toka ko Omo, kuma daga nan kada a sake taɓa shi da tsurar hannu, don wurin da yatsa ya sauka zai fito dabbare-dabbare. A jiƙa tsumma da ruwan lemon tsami mai ɗan gishiri, a matse, a shafa sau ɗaya daga gindi zuwa baki, a rataye a inuwa. Da damina kwana ɗaya ya isa; da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙayau, sai a rataye shi a rufaffen ɗaki kusa da jiƙaƙƙen buhu. Da safe za a tarar da jar tsatsa mai laushi ta rufe shi. A goge ta sama da tsumma mai kaushi, a bar wadda ta kama, a sake shafawa. Sau biyar zuwa goma ake yi, har launin ya zauna, ja mai duhu, bai ɗaya. Wanda ya manta da shi kwana uku a rataye, rami zai tarar, ba launi ba.

Mai son baƙi, sai ya tafasa bututun cikin ruwa mai tsabta, na sama ya fi, kamar minti 20 bayan kowane zagaye. Tafasar ce ke mayar da jar tsatsa baƙa mai manne wa ƙarfe. Wannan ya fi ƙona shi a wutar maƙera a tsoma cikin mai, domin wuta mai yawa tana iya raunana wurin da aka liƙe gindin bututun. A ƙarshe a wanke da ruwan kanwa don ya kashe tsamin, a ɗauraye, a busar, a shafa man kaɗanya da kaki. Launin shi kaɗai ba ya tare ruwa. Aikinsa ya riƙe mai.

Ajiya ba ta da wuya. Kada a jingina ta da bangon ƙasa, kada a bar ta cikin kube na fata, don fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, tsaminta kuma yana cin ƙarfe. Masu naɗa wa bututu layu da jan fata, su riƙa kwancewa suna duba ƙarƙashi. A rataye ta baki ƙasa, babu ɗuri, inda hannun yaro ba ya kaiwa. Dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda ake neman lasisinsu wurin Kwamishinan ’Yan Sandan jiha, wannan ma a kiyaye.

Yawancin bututun da maƙeranmu ke amfani da shi ba mai kauri ba ne. In ka haska tocila ka ga rami mai zurfi a ciki, ko tsaga kusa da gindi, ko wurin da ya kumbura, babu man da zai gyara shi. Kai wa maƙeri ya sauya, kada ka sake ɗura shi.