Gano Kuskuren Manhajar Uwar Garke ta Hanyar Burauza: Misali daga Masana'antun Challawa

Gabatarwa

Challawa, a ƙaramar hukumar Kumbotso, tana cikin unguwannin masana'antu na Kano, tare da Sharaɗa da Bompai, kuma ta yi fice wajen jimar fata. Wannan maƙala za ta duba yadda mai gyaran manhaja zai gano kuskuren da ke ɓoye a uwar garke, wato kwamfutar da ke yin lissafi kafin ta turo shafi zuwa burauza.

Matsalar

A ɗauka wata majema tana lissafa fatun awaki da manhajar intanet da aka rubuta da PHP. Akawu ya shigar da fatu ɗari biyu, sai shafi ya nuna kuɗin ɗari da tamanin. Burauza ba ta san dalili ba, domin sakamako kawai aka miƙo mata. Idan mai gyara ya sa manhaja ta zubo bayananta a kan shafi, shafin zai dagule.

Hanyar Warwarewa

Kowace amsa da uwar garke ke aikowa tana da kai da gangar jiki. Gangar jikin ita ce shafin da ake gani, kan kuwa ba ya bayyana. Dabarar ita ce a cusa bayanan bincike a cikin kan. Haka FirePHP ya yi aiki tare da Firebug, wanda Joe Hewitt ya ƙirƙiro a 2006, aka kuma daina shi a 2017. Chrome Logger ma wannan hanya ya bi: yakan tattara bayanan cikin tsarin JSON, ya aiko su, burauza ta baje su a allon masu gyara. A nan mai gyara zai bi lissafin daki-daki, har ya ga layin da fatu ashirin suka salwanta.

Kammalawa

Sai dai abin da mai gyara ya gani, duk wanda ya buɗe shafin yana iya tono shi. Idan aka bar wannan kafa a buɗe bayan an gama gyara, farashin fata da sunayen masu saye za su faɗa hannun abokan hamayya. Saboda haka a yi bincike a uwar garken gwaji, a kuma tabbata an toshe kafar kafin manhaja ta koma hannun akawu.