Suna Linzami: Nazarin Wasu Keɓaɓɓun Kalmomin Motar Lantarki a Yankin Lafagu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci kalmomi uku da Hausa ke amfani da su wajen bayanin motar lantarki, wato "mai tuƙa kanta" da "batir" da "gobara". An gwada ma'anonin da suke ɗauke da su a zuciyar Bahaushe da ainihin yadda na'urorin suke aiki. An gano cewa kowace daga cikinsu tana ɗora wa sabon abu tsohuwar ma'ana, kuma saɓanin da ke tsakani yana iya jawo asarar rai.

1.0 Gabatarwa

Lafagu tana cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Tsamiya da Segbana. A wannan yanki Hausa ce harshen kasuwa da tasha a tsakanin Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Busawa. Shekaru da dama tashar jiragen ruwa ta Kwatano ce babbar kafar shigowar tsofaffin motoci zuwa Nijeriya, kafin a hana shigo da su ta kan iyakokin tudu daga 1 ga Janairu 2017. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 ya ƙara karkato hankula ga abin hawa mai aiki da lantarki. A 2021 an buɗe wurin cajin motoci mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, a Benin kuwa baburan kamfanin Spiro sun shiga hannun 'yan acaɓa. Sunayen waɗannan na'urori sun riga su isowa ta rediyo da waya, don haka ya dace a tantance su tun yanzu.

2.0 "Mota Mai Tuƙa Kanta"

Ta fuskar nahawu, "mai" idan ta haɗu da sunan aiki tana nuna aikau, kamar a "mai sayar da goro". Da aka ƙara "kanta", sai motar ta zama ita ce aikau kuma ita ce karɓau, ɗan Adam ya fita daga jimlar gaba ɗaya. Ke nan sunan yana shaida wa direba cewa ba a buƙatarsa.

Injiniyoyi sun kasa wannan fasaha mataki shida, daga 0 zuwa 5. Na'urar Autopilot ta kamfanin Tesla, wadda ta fito a 2015, tana mataki na 2 ne: tana riƙe mota a layinta, tana rage gudu ko ƙarawa, amma alhakin lura da hanya yana wuyan direba a kowane lokaci. A watan Mayu 2016 Joshua Brown ya rasu a jihar Florida ta Amurka lokacin da motarsa ta kutsa ƙarƙashin tirelar da ta gitta, na'urar ba ta taka birki ba, shi ma bai taka ba. A watan Disamba 2023 kamfanin ya yi wa motoci fiye da miliyan 2 kiranye a Amurka domin ƙarfafa gargaɗin da na'urar ke yi wa direban da hankalinsa ya tafi.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne yadda hukumomi suka koma kan sunan kansa. A 2020 wata kotu a birnin Munich na Jamus ta yanke hukuncin cewa kalaman tallar Tesla suna ruɗar mai saye. A watan Afrilu 2025 hukumomin ƙasar Sin sun hana kamfanoni tallata irin wannan na'ura da sunan tuƙi mai cin gashin kansa, bayan haɗarin wata mota ƙirar Xiaomi SU7 da ya halaka mutum uku. Idan masu fasahar suna janye sunan, bai kamata Hausa ta ci gaba da fassara shi ido rufe ba.

Al'adar tasha ta riga ta tanadi madubin da ya dace. Kowa ya san yaron mota: yana duba taya, yana sa weji, wani lokaci a miƙa masa sitiyari a miƙaƙƙiyar hanya, amma idan aka yi ɓarna direba ake tuhuma. Wannan shi ne matsayin na'urar mataki na 2. Saboda haka "mataimakin direba" ya fi kusa da gaskiya, a keɓe "mai tuƙa kanta" ga mataki na 4 da na 5. Buƙatar bambancewar ta fi ƙarfi a hanyoyin karkara, domin na'urar ta dogara da zanen layi a kan kwalta, ga kuma garken shanu da amalanke da ƙurar hunturu mai rufe idon kyamara.

3.0 "Batir" da "Gobara"

Batir tsohuwar kalmar aro ce, kamar birki da giya da totur. A wurin makanike tana nufin akwatin dalma mai ƙarfin bolt 12, wanda ake zuba wa ruwa, a ɗauka da hannu, a gwada shi da waya. Batirin motar lantarki kuwa tarin ƙwayoyin litiyam ne da aka shimfiɗa a ƙarƙashin mota, ƙarfinsa yakan kai bolt 400, wasu 800. Makaniken da ya tunkare shi da tsohuwar ma'anar kalmar yana wasa da ransa.

Haka lamarin yake ga gobara. Wutar da mutanen kan iyaka suka fi sani ita ce ta fetur, domin cinikinsa a jarka da kwalba tsohuwar sana'a ce a ɓangarorin biyu. Maganinta sananne ne: a danne ta da yashi ko jiƙaƙƙen bargo har ta rasa iska. Wutar litiyam ba ta bin wannan ƙa'ida. Idan ƙwaya ɗaya ta fashe, ko ta yi zafi fiye da kima, tana kunna maƙwabciyarta, zafin yana tasowa daga ciki, kuma sinadaran suna sakin iskar da ke ciyar da wutar. 'Yan kwana-kwana sukan zuba dubban litocin ruwa domin sanyaya batirin, hayaƙin yana da guba, kuma wutar takan sake tashi bayan sa'o'i ko kwanaki. A 2021 kamfanin General Motors ya yi wa dukkan motocinsa ƙirar Chevrolet Bolt kiranye saboda lahani a batir. A watan Agusta 2024 wata Mercedes da ke ajiye a ƙarƙashin wani gini a Incheon ta Koriya ta Kudu ta kama da wuta, gobarar ta cinye motoci da dama. Ƙididdigar hukumomin ƙasar Suwidin ta nuna motar lantarki ba ta kai ta fetur yawan kamawa da wuta ba. Wahalar tana wajen kashewa.

A nan ma Hausa ba ta rasa abin faɗa ba. Bahaushe ya bambanta wutar kara, mai tashi fuu ta mutu, da wutar ƙaiƙayi, mai ci ta ƙarƙashi alhali samanta toka ne. Sanarwar da ta ce "wutar batir wutar ƙaiƙayi ce" ta isar da saƙon cikin kalmomi biyar: kada a ce ta mutu don an daina ganin harshenta, kada a ja motar zuwa cikin gida ko kusa da rumbu.

4.0 Kammalawa

Aikin keɓaɓɓun kalmomi na Hausa, irin wanda Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, ya fi mayar da hankali ga fannonin harshe da adabi, inda kuskuren suna ke tsayawa a aji. Kalmomin mota kuwa a kan hanya ake gwada su. Maƙalar tana ba da shawarar a yi amfani da "mataimakin direba" ga na'urar mataki na 2, da "babban batir" domin bambanta shi da na dalma, sannan a shigar da kwatancin wutar ƙaiƙayi cikin sanarwar faɗakarwa. Ya kamata sassan nazarin Hausa su zauna da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da ƙungiyoyin direbobi da makanikai na Bagudo, a gwada waɗannan kalmomi a bakin masu sana'ar kafin a tura su gidajen rediyo.