Haƙƙin Bakwaini a Kan Iyayensa Yayin da Yake Cikin Kwalba

 Darasin wannan mako ya shafi jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba, ko kuwa ya zo da rashin lafiya, har aka sa shi cikin na'urar nan mai ɗumi wadda jama'a ke kira kwalba. Abin tambaya shi ne, shin nauyin da shari'a ta ɗora wa iyaye yana sauka daga kansu a ƙofar ɗakin jinyar?

Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin bakwaini. Suratul Ahƙafi ta ambaci wata 30 a matsayin jimillar ɗaukar ciki da yaye, Suratul Baƙara kuwa ta sanya cikar shayarwa shekara biyu. Idan aka ɗebe wata 24 daga cikin 30, saura 6, kuma shi ne mafi ƙarancin ciki. An ruwaito wannan fahimta daga Sayyidina Ali da Ibn Abbas, Allah ya yarda da su. Saboda haka bakwaini ɗa ne cikakke a shari'a. Muddin ya faɗo da rai ya yi kuka, yana da gado, kuma idan ya koma a yi masa salla. Wanda ke da haƙƙin gado, haƙƙinsa na reno ya fi cancanta da a kiyaye.

A wajen likitoci, bakwaini shi ne wanda aka haifa kafin ciki ya cika mako 37. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta an haifi irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020. Abubuwan da suka fi halaka su su ne sanyi, da wahalar numfashi, da rashin iya tsotso, da ƙwayoyin cuta. Tsoron waɗannan ƙwayoyi ne ya sa asibitoci suka yi shekaru masu yawa suna tsai da uwa a bayan gilashi, ta leƙa ɗanta ta koma.

A cikin 1978, a wani asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin ƙasar Kolambiya, jarirai suka yi wa kwalabe yawa. Sai wani likita, Edgar Rey, ya umarci iyaye mata su kwantar da 'ya'yansu a ƙirji, tsakanin nonuwa, fata na taɓa fata, a ɗaure da zane dare da rana. Aka laƙaba wa dabarar sunan kangaru, watau dabbar nan ta Ostireliya mai renon ɗanta cikin wata jaka a cikinta. Ga matan Hausa wannan goyo ne da aka juyo da shi gaba, sai dai babu riga a tsakani.

Da farko ba a ba uwa jaririn sai ya ɗan murmure a kwalba. Daga baya aka gwada farawa nan take a asibitoci biyar na ƙasashen Indiya, Malawi, Tanzaniya, Ghana da Nijeriya. Na Nijeriya shi ne asibitin koyarwa na Ile-Ife, na Ghana kuwa yana Kumasi. An shigar da gadon uwa cikin ɗakin jinyar kansa. Jarirai 3,211 ne, masu nauyi daga kilo 1 zuwa ƙasa da kilo 1.8. Sakamakon ya fito a 2021: cikin kwana 28 na farko, kashi 12 cikin ɗari suka rasu daga waɗanda aka ba iyayensu nan da nan, kashi 15.7 kuwa daga waɗanda aka jinkirta. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar ta shawarci asibitoci su fara wannan goyo da zarar an haihu, sai fa jaririn da ke cikin matsanancin hali. Ajali na hannun Allah, amma riƙon sababi umarni ne, kuma ga sababi ya bayyana a ƙirjin uwa.

Daga nan hukunce-hukunce suke biyowa. Na farko nono. Dakashi, watau nonon farko mai kauri da waɗansu tsofaffi ke cewa a matse a zubar, shi ne mafi amfani ga bakwaini, kuma zubar da shi ba shi da asali a addini. Jaririn da bai iya tsotso ba, uwa za ta tatsa a kai a kai, ma'aikatan jinya su ba shi ta siririyar roba da ake zurawa ta hanci ko ta baki. Wannan ba ya yiwuwa idan an kwashe mai jego zuwa gidan iyayenta domin wanka. Wankan jego al'ada ce, ceton rai kuwa wajibi ne, ba a barin wajibi domin al'ada. Haka nan kunyar ɗan fari. Abin yabo ce a tsakar gida, amma yarinyar da ta ƙi rungumar ɗanta don kada a ce ba ta da kunya, ta sa kunya inda ba muhallinta ba, kuma kakanni su ya kamata su fara sauke mata wannan nauyi.

Idan nonon uwa bai zo ba aka nemi na wata mace, to, a nan a yi hattara ƙwarai. A mazhabar Malikiyya duk nonon da ya isa cikin yaro a shekara biyun farko yana haramta aure, ko da tsotso ɗaya ne, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid ta haɗa har da wanda aka ɗura ta baki ko ta hanci. Ke nan robar asibiti ba ta kawar da hukuncin ba. Lalle ne a san matar, a rubuta sunanta, a shaida wa dangin ɓangarorin biyu, likita kuma ya auna lafiyarta. Gudun cakuɗuwar nasaba ne ya sa Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda cikin 1985, ta hana kafa rumbunan da ake gauraya nonon mata.

Uba kuma aikinsa bai tsaya ga biyan kuɗin magani ba. Ciyar da mai shayarwa a kansa yake, da ba ta izinin kwana a asibiti komai tsawon jinyar, da nemo mai kula da sauran yara a gida. In ta gaji ko za ta yi wanka, shi ma ƙirjinsa yana da ɗumi, haka kaka, haka goggo. Kiran salla a kunnen jariri ana iya yinsa da murya ƙasa-ƙasa a gefen kwalba, bayan an cire zobe da agogo an wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Saura maganar suna, wadda kan jawo jayayya da likitoci. Yanka ragon suna a rana ta bakwai mustahabbi ne, kuma ba sharaɗi ba ne jaririn ya kasance a wurin. A yanka a gida, a raɗa suna, shi yana kwance inda yake. Ya ma halatta a sa suna tun ranar haihuwa, domin Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sanya wa ɗansa Ibrahim suna a daren da aka haife shi. Aski a jinkirta shi. Tauna dabino a shafa a ganɗar jariri shi ma mustahabbi ne, amma a bar shi ga wanda bai iya haɗiya ba, haka rubutu da zuma. 'Yan barka su yi addu'a daga gida, mai mura ko tari kuwa kada ya kusanci ɗakin ko da shi ne kakan yaron. Allah ne Mafi sani.