Kafin Ka Biya Kuɗin Bindigar Nan, Ɗana

Ɗana, mahaifiyarka ta shaida mini cewa tun da aka fasa motarka a ƙofar gida can Houston hankalinka bai kwanta ba, har ka fara zagaya shagunan bindiga, kuma idonka ya tsaya a kan ƙaramar bindigar Staccato, wadda kuɗinta ya haura dala 2,000. Ba zan ce maka kada ka saya ba. Kai magidanci ne, tsaron iyali yana wuyanka, ƙasar da kake zaune kuma ta ba ka dama. A 2008 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Heller cewa mutum yana da 'yancin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa don kare kai, jihar Texas ma tun Satumban 2021 ta yarda baligin da doka ba ta hana ba ya fita da ita babu lasisi. Amma ka ba ni aron kunnenka, don na ci ɗamara shekaru masu yawa, na san nauyin abin da kake shirin shigarwa gida.

Takardunka tukuna. Mai katin zama na dindindin yana iya saye, mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa galibi an hana shi. A shagon za su ba ka fom mai lamba 4473, su binciki tarihinka. Ƙarya a wannan fom babban laifi ne a dokar tarayya, kuma ga wanda bai zama ɗan ƙasa ba tana iya jawo kora. Ko aminin da kuka tashi tare ya roƙe ka ka saya masa da sunanka, ka ba shi haƙuri.

Bindigar da kake so kyakkyawa ce, ban musa ba. Jikar samfurin 1911 ce, wanda John Browning ya ƙera, sojojin Amurka suka riƙe shi har 1985. Kunamarta taushi gare ta, ɗan taɓi kaɗan ta tashi, shi ya sa masu gasar harbi suke ƙaunarta. To amma ka yi tunanin ƙarfe biyun dare, ka farka a firgice, zuciya na bugawa, hannu na rawa. Taushin nan da ya burge ka a shago shi zai iya sa ka harbi abin da ba ka yi niyya ba. Ga kuma makullin da sai ka danna da babban yatsa kafin ta yi aiki, wanda hannun da bai saba ba yake mantawa da shi. Ita kuwa bindigar Glock 19 ba ta da ado, jikinta roba ce mai ƙarfi, tana cin harsashi 15 mai milimita 9, kuɗinta bai kai sulusin waccan ba, kuma 'yan sanda a birane da yawa na Amurka Glock suke ratayawa. Ba ina tallarta ba ne. Ka je wurin koyon harbi inda ake ba da haya, ka gwada iri uku ko huɗu. Wadda ta zauna a tafinka, yatsanka ya kai kunama ba tare da ka murɗa hannu ba, ita ce taka, ko da ita ce mafi araha a shagon.

Ragowar kuɗin akwai inda ya fi cancanta. Ka sayi akwatin ƙarfe mai kulle da lambobin sirri, ka kafe shi yadda ba a ɗagawa. Ka biya malami na gari, ka kuma ware kuɗin harsashin gwaji kowane wata, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ko da yake Texas ba ta tilasta lasisi ba, ka nema. Ajin awa huɗu zuwa shida ne, a nan za a karanta maka inda doka ta yarda ka harba da inda za ta kama ka.

Abu guda nake so ya zauna a kanka tun yau. Irin wannan bindiga, duk harbi ɗaya ita da kanta take tura wani harsashin cikin bututu. Sai mutum ya zare gidan harsashi, ya ajiye a kan tebur, ya ce ai babu komai a ciki, alhali guda ɗaya yana kwance yana jira. Sai ka ja samanta baya, ka leƙa da idonka, ka ga ramin wayam. Bayan ka gani ma, kada bakinta ya kalli mutum, kada yatsanka ya kusanci kunama. Rayuka da yawa sun salwanta a kan harsashin nan guda.

Yanzu maganar da ta hana ni barci. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa a 2021 mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu. Tun 2020 bindiga ta zama kan gaba wajen kashe yara da matasa a ƙasar, ta wuce haɗarin mota. Jikokina suna shekarun da ba aljihun tebur ɗin da ba sa buɗewa, kuma kada ka yaudari kanka cewa ba su san maɓoyarka ba. Sannan zaman baƙunta akwai ƙunci: bashi, kewar gida, saɓani tsakanin miji da mata. Na san zuciyarka, mai saurin hawa da saurin sauka ce. Idan wani lokaci ya zo da kai ko wani a gidan yake cikin matsananciyar damuwa, ka fitar da bindigar daga gidan ta hanyar da doka ta yarda, har ƙura ta lafa. Ba abin kunya ba ne.

Ka kuma tuna kai baƙar fata ne. A 2016 a Minnesota ɗan sanda ya tsayar da Philando Castile a mota. Yana da lasisi, shi da bakinsa ya faɗi cewa akwai bindiga a tare da shi, duk da haka aka harbe shi ya rasu. In an tsayar da kai, hannu biyu a kan sitiyari, magana a hankali, kada ka kai hannu aljihu sai an ce ka kai. In kuwa ka ji ana taɓa motarka cikin dare, ka kulle ƙofa, ka tara iyalinka ɗaki ɗaya, ka kira lambar gaggawa ta 911. Mota tana da inshora. Duk sassaucin dokar Texas, ba na so ka tsaya gaban Allah da jinin ɗan wani saboda gilashi da rediyo.

Dokar kowace jiha daban take, abin da ya halatta a Texas yana iya kai ka kurkuku a New York. In za ka zo gida hutu kuwa, ka zazzage jakarka, kada ko harsashi ɗaya ya biyo ka. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin haramtattun makamai, lasisinta sai da izinin Shugaban Ƙasa.

Kafin ka koma shagon, ka zauna da maiɗakinka ka ji ta bakinta, don ita take wuni da yaran. In ta ce ranta bai kwanta ba, ka dakata, ka kira ni mu yi magana mu uku. Ka gaishe mini da ita da yaran.