TARGAƊEN DA YA ƘI WARKEWA: INA MAFITA?



Darasinmu na yau kan targaɗen idon sawu ne. Kwanan baya wani bawan Allah ya same ni nan Sabon Gari daga Bungudu, yana ɗingishi. Wata 8 da gurɗewa a kunyar gona. An ja, an murza, an yi tsaga, amma har yau zaman tahiya na gagararsa, noman bana ma sai da ya sa 'yan ƙwadago. Na ce masa, Malam, maganinka ba ya cikin kwalabena, yana wurin likitan gashi, wato fisiyo.

Ka gane, ɗan uwa: targaɗe ba karaya ba ne. Jijiyoyin da ke ɗaure gaɓar ne suka miƙe fiye da kima ko suka yage, galibi ta gefen waje. Ƙarami kan lafa cikin mako 2 zuwa 3, babba kan kai wata 3. In ya wuce haka yana ciwo, ko ƙafar na yawan sake gurɗewa, to gaɓar ta yi rauni. Man kaɗanya da man zaitun suna sassauta tsami, amma ba sa mayar da ƙarfin. Motsa jiki bisa ƙa'ida ke mayar da shi.

Kiyaye waɗannan:

1. Kwana 2 na farko kada ka gasa da ruwan zafi, kada a murza. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15, ka ɗaga ƙafar kan matashi.
2. In ba ka iya taku 4, ko ƙashin kansa ke zafi in an taɓa, a ɗauki hoto kafin a je wurin maɗori.
3. In ciwon ya daɗe, ka nemi sashen gashi a FMC Gusau. Abin da ya fi ƙarfinsu ana turawa Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.
4. Cikin abin da sukan koyar: tsayuwa da ƙafa ɗaya daƙiƙa 30 kana dafe da bango, da rubuta alif, ba, ta a iska da babban yatsa. Amma a bari su duba tukuna.
5. Mai ciwon suga ya nisanci tsaga da ruwan zafi. Ƙaramin rauni a ƙafarsa kan zama gyambo.
6. Daina shan diclofenac kullum. Yana cin ciki, yana taɓa ƙoda.

Batun sallah kuwa, addini ya sauƙaƙa. In tsayuwa ko lanƙwasa ƙafar na cutar da kai, ka zauna yadda ka iya. Neman magani umarnin Manzon Allah ne (SAW), bai kore tawakkali ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa 'yan uwa.