Darasi: Takardar Irmiya Cikin Tulu

A karanta Irmiya 32:6-15 da Farawa sura 23 kafin a fara.

Sa'anda rundunar Babila ta kewaye Urushalima, a shekara ta 10 ta sarautar Zadakiya, annabi Irmiya yana tsare a farfajiyar matsara. A nan ɗan kawunsa Hanamel ya zo ya yi masa tallar gona a Anatot. Irmiya ya saya. Ya auna azurfa shekel 17, ya rubuta takarda, ya hatimce ta, ya kira shaidu. Takardun kuwa biyu ne, ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Ya ba Baruk, aka sa su cikin tulu domin su daɗe.

Mu lura fa, Ubangiji ne ya ce masa ya saya, mai-sayarwa kuma ɗan'uwansa ne na jini. Duk da haka annabin bai ce amana ta isa ba. Haka Ibrahim ya yi a Hebron. Efron ya yi masa tayin kogon Makfela kyauta, amma ya ƙi, ya biya shekel 400 a gaban Hittiyawa a bakin ƙofar gari. Mu kuwa, 'yan'uwa, sau da yawa mukan ji kunyar neman takarda a wurin ɗan'uwa mai-bi, sai ka ce mun zarge shi da sata. Wannan kunya ta raba gwauraye da marayu da yawa da gidajensu.

Dattawanmu sun san Dutse tun tana ƙaramin gari cikin Jihar Kano. Ran 27 ga Agusta 1991 aka yanke Jihar Jigawa, Dutse ta zama babban birninta. Daga nan ma'aikata suka shigo, 'yan kasuwa suka biyo su, gonar gero ta zama fuloti. Filin da kakan mutum ya ba baƙo aro domin ya shuka gyaɗa, yau kuɗinsa ya isa 'yan'uwa su daina gaisawa. Haka abin ya ke a bakin hanya wajen Shuwarin da Kiyawa da Birnin Kudu.

Dokar ƙasa ta 1978 ta sa dukan filin jiha a hannun gwamna, yana riƙe da shi amana domin jama'a. Watau abin da mu ke saya izinin zama ne da amfani. A cikin birni gwamna ke ba da takardar mallaka, yawanci ta shekara 99. A ƙauye ƙaramar hukuma ke ba da izini irin na gargajiya. Wanda ya ke da takardar gwamna kuma ba shi da ikon sayar da filin ko jinginar da shi sai da yardar gwamna. Takardar da mai-unguwa da dagaci suka sa wa hannu tana da amfani ƙwarai, gama shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ita ce takardar mallaka ba. Kafin mu ba da ko kwabo, sai mu je ofishin filaye a duba ko filin na wani ne, ko gwamnati ta riga ta keɓe shi domin hanya ko makaranta. Idan gonar gado ce, mu tambaya ko an raba gadon. Ɗa ɗaya yakan sayar, bayan an kai gini lintal sauran magada su fito. Wannan magana ta shafi filin majami'a ma. Yawancin filayen ekklesiyoyinmu na ƙauye kyauta aka ba mishan ko mai-bishara da baki, waɗanda suka ji da kunnensu kuwa suna ƙarewa.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi damunmu, watau gwauruwa. Mu ɗauki misali. Wani ɗan'uwa yana da shagon kayan babur da gida mai ɗaki uku, da mata da 'ya'ya mata biyu. Ya rasu ba zato. Kafin a share makoki dangi suka iso daga gida, suka karɓi makullin shago, suka ce al'adarsu ba ta ba mace gado. Matar ta tafi banki, gama mijinta ya rubuta sunanta a matsayin wadda za a nema in wani abu ya faru. Aka ce mata wannan bai mai da ita magajiya ba, sai ta kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga ofishin gado na Babbar Kotu. A nan ne za a tambaye ta, wane irin aure kuka yi?

Mutanenmu da yawa suna tsammani duk auren da aka ɗaura a majami'a auren doka ne. Ba haka ba ne. Auren doka sai an kai sanarwa ofishin rajistar aure, an jira kwana 21, an karɓi takardar magatakarda, sa'an nan a ɗaura a ofishin ko a majami'ar da gwamnati ta ba lasin, a gaban shaidu biyu. In ba a bi wannan ba, albarka ce aka sa wa auren al'ada. Aure ne na gaskiya, ba mu rena shi ba, amma ranar rabon gado al'ada ce za ta fi ƙarfi, matar kuwa ba ta da takardar da za ta nuna.

Ko a ƙarƙashin al'ada ma ba a bar mata haka ba. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya, cikin shari'ar Ukeje, ta yanke cewa al'adar da ta hana 'ya mace gadon ubanta ta saɓa wa tsarin mulki. A shekarar nan kuma, cikin shari'ar Anekwe da Nweke, ta ƙi al'adar da ta kori gwauruwa daga gidan mijinta domin ba ta da ɗa namiji. Mai-karatun Littafi ba zai yi mamaki ba, gama 'ya'yan Zelofehad mata biyar sun kai irin wannan kuka gaban Musa, Ubangiji kuwa ya ba su gaskiya, kamar yadda ya ke a Littafin Lissafi sura 27. Amma shari'a irin wannan takan ci shekaru, gwauruwa kuwa tana bukatar tuwon yau.

Maganin da ya fi sauƙi wasiyya ce. Wasu suna tsoro wai rubuta ta kiran mutuwa ne. Mai-bi da irin wannan camfi? A rubuta, mai-wasiyya ya sa hannu a gaban shaidu biyu suna tare a lokaci ɗaya, su ma su sa hannu. Kada shaidun su zama cikin masu-cin gadon. A kai ta ofishin gado na Babbar Kotu a ajiye. Wannan shi ne tulun Baruk na zamaninmu.

Masu-shago, kaɗan za mu faɗa muku. Idan kuna ciniki da sunan da ba naku na yanka ba, dokar kamfanoni ta 2020 tana so ku yi masa rajista a hukumar CAC. Idan ku biyu kuka haɗa jari, ku rubuta abin da kowa ya zuba. Yaron da za a sallama bayan shekarun hidima, a rubuta shekara nawa da abin da za a ba shi tun ranar da ya zo. Kafin ku tsaya wa wani lamuni, ku karanta Misalai sura 6. Ku sani kuma, dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama mutum saboda bashi kawai, ta kuma hana a kama matar mutum ko ɗansa a madadinsa. Mai-bi da ya kai ɗan'uwansa caji ofis domin kuɗin taki ya yi laifi biyu.

Manzo Bulus ya tsauta wa Korintiyawa domin suna jan juna gaban mahukunta, saboda haka tsakanin masu-bi sai a fara da dattawan ekklesiya. Amma dattawa su rubuta abin da aka shirya, kowa ya sa hannu, kada kuma su yi amfani da wannan aya su rufe bakin gwauruwa. Bulus ɗin nan da kansa ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Idan sulhu ya ƙi, akwai kotun majistare da Babbar Kotu a Dutse. Kotunan Shari'a, waɗanda Jigawa ta ƙarfafa a 2000, na Musulmi ne, ba a tilasta wa Kirista ya tsaya a can. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi Hukumar Taimakon Shari'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1976 domin talakawa.

Aikin wannan wata ga shi. Kowane mai-gida ya fito da takardun gidansa da na aurensa, ya nuna wa matarsa inda su ke. Magatakardan ekklesiya kuma ya kawo takardar filin majami'a taron dattawa mai-zuwa, a karanta ta a gaban kowa.